Adam Ondra: Gwarzon hawan dutse da lambar Olamfik ta kuɓuce wa

Adam Ondra ɗan Jamhuriyar Cek ne da ya mayar da hawan dutse sana'a, kuma da yawa daga cikin masana wannan wasa suna ɗaukar sa a matsayin wanda ya fi kowa ƙwarewa a zamaninsa. An haife shi ranar 5 ga Fabrairu, 1993 a birnin Brno. Shi ne mutum na farko da ya hau hanyar dutse mai matakin wahala 9b+ a 2012, kuma shi ne na farko da ya hau wadda aka sanya wa 9c a 2017. A fagen gasa ya zama zakaran duniya sau uku a hawan igiya, sau ɗaya a hawan bolda. Sai dai sau biyu yana kaiwa zagayen ƙarshe a gasar Olamfik, sau biyun kuma ya ƙare a matsayi na shida. Tarihinsa ya ratsa fage biyu masu ma'auni daban: dutsen daji, inda babu alƙali sai shaidar abokan sana'a, da bangon gasa, inda 'yan mintoci ke yanke hukunci kan aikin shekaru.

Yadda wasan yake

Hawan da Ondra ya shahara a kai ya bambanta da na masu neman ƙololuwar manyan tsaunuka irin su Everest. A nan tsawo ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ake aunawa shi ne wahalar hanyar da mutum ya bi a jikin dutse da hannuwansa da ƙafafunsa kawai.

Reshe na farko shi ne hawan igiya. Ana kafa ƙusoshin ƙarfe a jikin dutse tun kafin hawa, mai hawa yana tafiya yana saƙala igiyarsa a jikinsu, abokinsa kuma yana ƙasa riƙe da ɗaya bakin igiyar. Aikin igiya shi ne ta tare mutum idan ya faɗo. Ba a yarda ya ja ta ko ya huta a kanta ba. Ba a cewa mutum ya ci hanya sai ya taso daga ƙasa ya kai ƙarshenta ba tare da ya faɗo ko sau ɗaya ba, ko da kuwa ya shafe watanni yana koyon ta gaɓa-gaɓa.

Reshe na biyu shi ne bolda, wato hawan dunƙulen dutse mai tsawon mita huɗu zuwa biyar, babu igiya, sai katifu da ake shimfiɗawa a ƙasa. Hanyar gajera ce, wani lokaci motsi biyar ko goma, amma kowane motsi yana neman iyakar ƙarfin yatsu da kafaɗu. Kayan aikin duka rassan biyu kaɗan ne: takalmi matsattse mai tafin roba, da garin alli da ake shafawa a hannu saboda gumi.

Ana auna wahalar hanyoyin igiya da ma'aunin Faransa, wanda ke amfani da lamba da harafi: 6a, 6b, 6c, sannan 7a, har zuwa 9c, tare da alamar + tsakanin kowane mataki da na gaba. Bolda tana da nata ma'aunin da ya samo asali daga dajin Fontainebleau na Faransa, ana rubuta shi da manyan haruffa, kamar 8C ko 9A. Babu wata hukuma da ke sanya waɗannan lambobi. Wanda ya fara cin hanya shi ke faɗin matakin da yake gani ta kai, waɗanda suka biyo baya kuma su tabbatar ko su rage. Saboda haka mutuncin mai hawa yana rataye ne a kan gaskiyar maganarsa.

Ƙuruciya da tasowa

Iyayen Ondra duka biyu masu hawan dutse ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya tashi yana bin su wuraren hawa, musamman duwatsun farar ƙasa na yankin Morabiya da ke arewa da Brno, waɗanda aka sani da santsi da ƙarancin wurin kamawa. Yana ɗan shekara 9 ya ci hanya mai matakin 8a, matakin da yawancin manyan da ke wannan wasa ba sa kaiwa duk tsawon rayuwarsu. A 2006, yana da shekara 13, ya ci 9a ta farko, wata hanya mai suna Martin Krpan a Mišja Peč ta ƙasar Sloveniya.

Domin a gane nauyin wannan, sai a tuna cewa a 1991 ne Bajamushe Wolfgang Güllich ya buɗe matakin 9a da hanyar Action Directe a yankin Frankenjura na Jamus, kuma shekaru da dama 'yan tsiraru ne kawai suka iya maimaita ta. Ondra ya hau ta a 2008 yana ɗan shekara 15. A cikin wannan shekarar ya ci La Rambla mai matakin 9a+ a Siurana ta Sifaniya. Ya kuma maimaita Open Air a Ostiriya, hanyar da Alexander Huber ya fara hawa tun 1996 ya sanya mata 9a. Ondra ya ce a ganinsa ta kai 9a+. Da wannan magana yaro ɗan shekara 15 ya ɗaga darajar aikin wani da ya riga shi da shekara 12, domin hakan na nufin Huber ya taɓa wannan mataki kafin Ba'amurke Chris Sharma, wanda hawansa na 2001 a Céüse ta Faransa aka daɗe ana ɗauka shi ne na farko.

Nasarori a fagen gasa

Gasannin wannan wasa ana yin su ne a kan bangon da aka gina, mai ɗauke da makamai na roba da ƙwararru ke shiryawa sabo a kowace gasa. Hukumar da aka kafa a 2007 da sunan IFSC ita ke kula da su. Ondra ya shiga sahun manya a 2009 yana da shekara 16, a take ya lashe kofin duniya na hawan igiya na wannan kaka, ya kuma zo na biyu a gasar zakarun duniya da aka yi a ƙasar Sin, bayan Patxi Usobiaga na Sifaniya. A 2010 ya lashe kofin duniya na bolda, ya zama namiji na farko da ya ci kofin a rassan biyu.

A 2014 ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya zama zakaran duniya a bolda a birnin Munich a watan Agusta, sannan a hawan igiya a Gijón ta Sifaniya a watan Satumba. Rassan biyu suna neman jiki iri daban, ɗaya ƙarfin fizga na 'yan daƙiƙu, ɗaya juriyar mintoci, shi ya sa yawancin 'yan wasa ke zaɓar guda su tsaya a kai. Ya sake ɗaukar kambun hawan igiya a Paris a 2016 da Hachioji ta Japan a 2019, ya kuma ƙara kofin duniya na wannan reshe a 2015 da 2019. A tsakanin waɗannan shekaru ya yi karatun tattalin arziki a Jami'ar Masaryk da ke Brno.

Kogon Flatanger da tura iyaka

A gaɓar tekun tsakiyar ƙasar Norway, a ƙaramar hukumar Flatanger, akwai wani ƙaton kogo mai suna Hanshelleren, wanda rufinsa ya rankwafo ta yadda mai hawa yakan yi tafiya mai tsawo bayansa na fuskantar ƙasa. A nan Ondra ya kafa mafi girman tarihinsa. Ranar 4 ga Oktoba, 2012 ya ci wata hanya mai tsawon mita 55 da ya kira Change, ya sanya mata 9b+. Kafin wannan, matakin ƙoli shi ne 9b, wanda Sharma ya kafa da hanyar Jumbo Love a Kalifoniya a 2008.

Watanni huɗu bayan haka, ranar 7 ga Fabrairu, 2013, ya ci La Dura Dura a Oliana ta Sifaniya. Sharma ne ya kafa ƙusoshin wannan hanya, ya gwada ta har ya fara ganin ta fi ƙarfinsa, sannan ya gayyaci Ondra, wanda ya girma da shekara 12, su yi aikinta tare. Sun riƙa musayar dabaru suna ƙarfafa juna. Ondra ya riga shi, Sharma ya biyo baya a watan Maris, kuma dukansu suka amince da 9b+. Ita ce hanya ta farko da mutum biyu suka haɗu a kan wannan mataki.

A ɓangaren bolda ma ya bar alama. A ƙarshen 2011 ya buɗe Terranova a kusa da gida, ya kuma maimaita Gioia a Varazze ta Italiya, ya sanya wa kowaccensu 8C+, wanda a lokacin shi ne iyakar abin da aka kai.

Silence

Tun wajen 2013 Ondra ya kafa ƙusoshi a wata hanya mai tsawon mita 45 a kogon Hanshelleren, ya bar ta na wani lokaci saboda ya ga ta fi ƙarfinsa. Ya koma mata gadan-gadan a 2016 da 2017. Gaɓarta mafi wuya, wadda ita kaɗai ta kai matakin bolda 8C, tana buƙatar mai hawa ya juya kansa ƙasa, ya cusa ƙafa a wata tsaga da ke sama da kansa, sannan ya warware jikinsa ba tare da ya suɓuce ba. Kafin ya iso nan ya riga ya hau kusan mita 20, bayanta kuma akwai wasu gaɓoɓi biyu masu wuya.

Abin da ya ba shi nasara shi ne hutawa. A wasu wurare na hanyar ana iya maƙale gwiwa da ƙafa tsakanin ɓangarori biyu na dutse, a saki hannuwa duka a rataye kai a ƙasa. Da taimakon wani likitan motsa gaɓoɓi ɗan Ostiriya, Klaus Isele, ya horar da tsokar ƙwaurinsa ta yadda zai iya daɗewa a wannan yanayi har hannuwansa su farfaɗo. Ya kuma gina kwatankwacin gaɓar mai wuya a zauren atisaye, yana maimaita motsin har a kwance a ƙasa idanu rufe.

Ya ci ta ranar 3 ga Satumba, 2017, cikin kimanin minti 20. Ondra sananne ne da ihu mai ƙarfi idan yana tsakiyar wahala ko ya kai ƙarshe. A wannan rana da ya saƙala igiyarsa a ƙusar ƙarshe ya kasa yin ihun, sai hawaye. Daga nan sunan hanyar ya fito, Silence, wato shiru. Ya sanya mata 9c, ta farko a duniya.

Sanya sabon mataki caca ce da sunan mutum. A 2020 Bajamushe Alexander Megos ya ci Bibliographie a Céüse ya ce 9c ce. Shekara guda bayan haka Stefano Ghisolfi na Italiya ya maimaita ta da dabara mafi sauƙi, ya ce 9b+ ce, Megos kuma ya karɓi gyaran. Change ma ta gamu da irin wannan: bayan Ghisolfi ya maimaita ta a 2020, Bafaranshe Sébastien Bouin ya hau ta a 2022 da robar kare gwiwa, ya ce da wannan kayan aiki ta ɗan sauƙaƙa. Silence kuwa, har ƙarshen 2024, shekara bakwai bayan hawanta, babu wanda ya maimaita ta, duk da cewa Ghisolfi ya yi tafiye-tafiye zuwa Flatanger dominta. Zuwa ƙarshen 2024, hanyoyi biyu sun biyo ta da da'awar 9c: DNA ta Bouin a kwarin Verdon a 2022, da B.I.G. ta Jakob Schubert na Ostiriya a 2023. Ta biyun tana cikin kogon Hanshelleren, kuma Ondra ne ya kafa ƙusoshinta.

Bangon El Capitan da hawan karo ɗaya

A gandun Yosemite na Kalifoniya akwai dutsen El Capitan, mai tsawon kimanin mita 900. Hanyarsa mafi wuya ita ce Dawn Wall, mai zango 32. Amurkawa Tommy Caldwell da Kevin Jorgeson ne suka fara cin ta a watan Janairun 2015, bayan shiri na shekaru, kuma sun kwana 19 a jikin dutsen. Ondra ya isa Yosemite a karon farko a rayuwarsa a Oktoban 2016, ya yi kusan wata guda yana koyon hanyar. Ya taso daga ƙasa ranar 14 ga Nuwamba, yana kwana a shimfiɗar da ake ratayawa a jikin dutse, ɗan ƙasarsu Pavel Blažek yana riƙe masa igiya. Zango na 14 ya kayar da shi sau da dama kafin ya wuce. Ya kai ƙoli ranar 21 ga Nuwamba, cikin kwana takwas, kuma shi ya jagoranci kowane zango. Bai ɓoye cewa ya ci gajiyar aikin Caldwell da Jorgeson ba, domin su suka gano hanyar da dabarunta.

Wani fannin da ya yi fice shi ne cin hanya a gwajin farko. Idan mutum bai taɓa ganin wani a kanta ba, bai kuma samu bayani ba, dole ya karanta dutsen yana cikin hawa. Megos ne ya fara yin haka a matakin 9a a 2013, Ondra kuma ya yi sau uku tsakanin 2013 da 2014. Ranar 10 ga Fabrairu, 2018 ya ci Super Crackinette a Saint-Léger ta Faransa a gwaji ɗaya bayan an yi masa bayaninta, wanda shi ne karon farko da aka yi hakan a matakin 9a+.

Olamfik: lissafin da ya juya

A 2016 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da shigar da wasan hawa a gasar Tokyo, amma da lambar zinare ɗaya ga maza, ɗaya ga mata. Sai aka haɗe rassa uku wuri guda: bolda, hawan igiya, da tseren gudu a bango mai tsawon mita 15 wanda fasalinsa ba ya canzawa. Ondra yana cikin waɗanda suka soki wannan tsari, domin tseren gudu sana'a ce daban. Duk da haka ya duƙufa koyon sa. Samun gurbi ma bai zo masa da sauƙi ba: a Hachioji a 2019 alƙalai sun ga ya taka ƙusa da ƙafa, aka zaftare makinsa, sai da ya je Toulouse ta Faransa a ƙarshen shekarar ya samu tikiti.

A zagayen ƙarshe na ranar 5 ga Agusta, 2021, ana ninka matsayin ɗan wasa a rassa uku, wanda ya fi ƙarancin sakamako shi ne zakara. Ondra ya zo na huɗu a gudu, na shida a bolda. A hawan igiya ya fi duk waɗanda suka gabace shi nisa, saura mutum ɗaya, Jakob Schubert. Da Schubert ya wuce inda Alberto Ginés López na Sifaniya ya faɗo, lissafin Ginés ya koma 28, na Ondra kuma huɗu sau shida sau ɗaya, wato 24. A wannan ɗan lokaci zinaren yana hannunsa. Schubert ya ci gaba, ya wuce inda Ondra ya tsaya, ya kai ƙarshen bango. Ondra ya koma na biyu a reshen, 24 ta zama 48, ya faɗo zuwa na shida. Ginés, ɗan shekara 18, ya ɗauki zinare, Nathaniel Coleman na Amurka azurfa da 30, Schubert tagulla da 35.

A Paris a 2024 an ware tseren gudu, an bar bolda da hawan igiya a haɗe, kowanne da maki 100. A zagayen ƙarshe na ranar 9 ga Agusta a Le Bourget, Ondra ya tara maki kaɗan a bolda, inda salon zamani ya karkata ga tsalle-tsalle da matasa suka fi sabawa da shi. A hawan igiya yana cikin waɗanda suka fi kowa nisa, amma giɓin ya yi yawa. Ya sake zama na shida. Toby Roberts na Birtaniya, ɗan shekara 19, ya ci zinare, Sorato Anraku na Japan azurfa, Schubert tagulla.

Salo da hanyar samun abinci

Ondra dogo ne, kimanin mita 1.86, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa akwai waɗanda suka fi shi ƙarfin yatsu. Fifikonsa yana cikin sassaucin ƙugu, wanda ke ba shi damar manne jikinsa da dutse ya sauke nauyi a kan ƙafafu, da saurin yanke shawara, domin yakan ratsa wurare masu wuya kafin hannuwansa su gaji. Ana kuma yaba masa da haddar hanyoyi da tarihin wasan.

Kuɗin da ake ci a gasannin hawa ba su kai na manyan wasanni ba, don haka ƙwararru sun fi dogara da yarjejeniya da kamfanonin kayan hawa, da finafinai, da laccoci. Ondra ya daɗe yana tare da kamfanin takalma na La Sportiva na Italiya, yana da tashar YouTube da yake nuna atisayensa da tafiye-tafiyensa, har da ranakun da ya kasa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa zauren hawa mai suna Hangar a Brno. Ya yi aure a 2021, an haifa masa ɗa a 2022.

Bayan Paris

Bayan gasar Paris ya ƙara karkata ga dutsen daji. A watan Fabrairun 2025, yana da shekara 32, ya ci Soudain Seul a dajin Fontainebleau, bolda ta farko da ya hau mai matakin 9A, matakin da Nalle Hukkataival na Finland ya buɗe a 2016 da Burden of Dreams. A cikin wannan shekarar aka amince cewa a gasar Olamfik ta Los Angeles ta 2028 kowane reshe zai samu lambarsa daban, wato za a yi hawan igiya shi kaɗai, tsarin da ya nema tun kafin Tokyo. A lokacin Ondra zai cika shekara 35.